Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: zancen mayar da tsofaffin gidajen tarihi masaukin baƙi

Wannan mako daga Gure nake rubuto muku, babban garin ƙasar Muniyo, wajen kilomita 170 gabas da Damagaram bisa hanyar Diffa.

Abin da ya jawo zancenmu na yau wata gardama ce da na tarar a wata majalisa bayan sallar isha'i, ana shan shayi. Wani alhaji ɗan kasuwa, wanda fatauci ya kai shi har ƙasar Maroko, yana ba da labarin wani gida da ya kwana a birnin Marakesh: tsohon gida ne na kaka da kakanni, aka gyara shi, aka zuba masa shimfiɗu, har kuɗin kwana guda a cikinsa suka kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ya ce: «Mu kuwa namu muna kallo suna zubewa, awaki na kwana ciki. A ba ni ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen bariki, bayan shekara biyu ku zo ku gani.» Sai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, ya ajiye kofinsa ya ce: «Alhaji, tarihi ba hajar kasuwa ba ne. Ranar da ka yanka masa kuɗin kwana, ran nan ka sayar da shi.» Aka yi ta ja-in-ja har dare ya raba, kowa ya tashi da ra'ayinsa. Da suka ji aikina jarida ne, suka ce in kai maganar gaban jama'a. To, ga ta na kawo, tare da nawa ganin.

Ruwa ba ya jiran gardamarmu

Kafin mu raba gardama, ya kamata mu san cewa lokaci ba namu ba ne. A farkon watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama mai yawa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa wanda ke tsaye tun ƙarni na 19. Shekara guda kafin nan, cikin watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Wannan kuwa shi ne ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallo. Idan ginin da ake shiga sau biyar a yini ya iya faɗuwa, ina ga kangon da ba mai leƙa shi?

Duk wanda ya tashi cikin gidan ƙasa ya san sirrinsa. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son hannun mai shi. Kafin damina a hau soro a share, a buɗe indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Shekarar da aka yi sakaci, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya jiƙa azara, gara ta samu hanya, damina ta biyu sai a ji rugum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce: wa zai biya kuɗin yaɓe kowace shekara, har abada? Baitulmalin gomnati na da ɗawainiyar asibiti da lakwal da tsaro. Ma'aikatar magajin gari kuwa, kowa ya san abin da ke shiga akwatinta. A nan ne maganar alhaji ta samu gindin zama.

Garin Gure kansa shaida ne. A tsakiyar ƙarni na 19 nan ne mazaunin Muniyoma Koso, sarkin da ya dawo da gadon sarautar Muniyo daga Bune. Cikin watan Disamba na 1852, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdul Karim, ya biyo ta nan a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, sarki ya karɓe shi. Daga baya Nasara suka mai da garin mazaunin kumandan. A Agadas, gidan da Barth ya sauka a shekarar 1850 an adana shi, ana nuna wa baƙi. A Gure fa, yaro nawa ne ɗan lakwal zai iya kama hannun baƙo ya kai shi inda aka yi wannan ganawa? Abin da ba a kula da shi ba, rairayi da mantuwa su ke gadonsa.

Darasin Agadas

Ba sai mun tafi Maroko neman misali ba, domin a cikin ƙasarmu an riga an gwada abin da alhaji ke nufi. Duk wanda ya je Agadas ya san Hôtel de l'Aïr, wanda ke fuskantar babban masallaci mai hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27. Asalin wannan gida fada ce da aka gina domin Kawusan, jagoran Abzinawan da suka ɗaga takobi gaban Faransawa. Tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, Kawusan ya tsare sojan Faransa cikin barikinsu tun daga watan Disamba na 1916 har zuwa farkon watan Maris na 1917, lokacin da rundunar gudummawa ta iso daga Damagaram. Ƙarshen mutanen biyu bai yi daɗi ba: an kashe Kawusan a ƙasar Fezan a 1919, Tagama kuma ya rasu cikin kurkukun Nasara a Damagaram a 1920. Gidan kuwa ya tsira, daga baya aka mai da shi otel. Babban zaurensa mai manyan bakan gizo ya zama wurin cin abinci, bisa soron kuma baƙi su zauna da maraice suna kallon hasumiya. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2013, wannan gida na cikin gine-ginen da aka lissafa.

Darasi na farko a bayyane yake, kuma alhaji ya ci wannan zagaye: gidan da ake kwana ciki, ana shara, ana karɓar kuɗi, shi ne ya haura shekara 100 yana tsaye, alhali gidaje da yawa tsararrakinsa sun koma ƙasar da aka ɗebo su.

Darasi na biyu kuwa ya fi ɗaci. A shekarun 1980 Agadas ta cika da ƴan yawon buɗe ido, tseren motocin Paris-Dakar na ratsawa, masu otel da ƙeran azurfa da direbobi kowa na samu. Sai tawayen farko ya taso a 1990, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga watan Afrilu 1995. Kasuwa ta fara farfaɗowa, tawaye na biyu ya zo daga 2007 zuwa 2009, sannan aka sace ma'aikatan kamfanoni a Arlit cikin watan Satumba na 2010. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da kada su zo, baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an share su da tsintsiya. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Wanda ya ɗora rufin gidan tarihi bisa aljihun baƙon ƙetare kaɗai, ranar da baƙon ya daina zuwa, ran nan yaɓe zai tsaya.

Yadda wasu suka yi

A ƙasar Sipaniya gomnati ce da kanta ta fara buɗe masaukan da ake kira Paradores tun shekarar 1928, ta riƙa gyara tsofaffin gidajen sarauta masu ganuwa da gidajen ibada na da, tana mai da su otel. Yau sun kusa 100, kuma kamfanin da ke tafiyar da su na gomnati ne. A Indiya kuwa sarakuna ne suka buɗe ƙofofinsu da kansu: fadar Rambagh ta birnin Jaipur ta zama otel a 1957, fadar cikin tafki ta Udaipur ta bi baya a 1963. Da gomnatin Indira Gandhi ta soke albashin sarakuna a 1971, gidajen sarauta da dama suka ga ba su da wata hanyar riƙe manyan gine-ginensu sai wannan.

Amma kada mu manta da abu biyu. Waɗancan gine-gine galibinsu na dutse ne, suna jure sakaci na shekaru. Namu na ƙasa ne. Kuma waɗancan ƙasashe baƙi miliyoyi ke shigarsu kowace shekara. Wanda ya ga rawar wani ya ce zai taka, sai ya fara duba ko ƙafarsa iri ɗaya ce da tasa.

Gyara ko kisan mummuƙe?

Yanzu mu zo ga inda tsoron mushe yake da hujja. Na taɓa sauka a wani tsohon gida, a wani gari da ba zan ambata ba, wanda mai shi ya kashe kuɗi masu yawa wajen abin da ya kira gyara. An lulluɓe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, an sare zankwaye, an kankare zanen dagi na bakin ƙofa, an kwaɓe soro an buga kwano, an shafa fenti mai ƙyalli. Da rana ɗakin ya zama tanda. Da na ƙwanƙwasa bango sai na ji yana amsawa kamar ganga, alamar ƙasar da ke ciki ta rabu da simintin. Wannan gida an kashe shi da kuɗin mai shi, ana murna.

Dalilin ba boyayye ba ne ga magina. Bangon ƙasa yana shan laima daga tushe, yana fitar da ita ta jikinsa idan rana ta fito da iska ta kaɗa. Siminti kuwa yana toshe wannan numfashi. Laima ta taru a ciki, ƙasa ta yi laushi, ga waje sumul kamar lafiya lau. Bugu da ƙari, zafi da sanyi ba su motsa siminti da ƙasa daidai wa daida, sai simintin ya tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ran da abin zai zo, ba ya sallama.

Kakanninmu suna da nasu magani. Suna gini da tubali, su ɗaura rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, su tada bakan gizo da ɗaurin guga su rufe babban zaure ba ginshiƙin ƙarfe ko ɗaya. Wajen kare bango daga ruwa suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Ba banza ba ne manyan biranen Hausa suka yi sarautar Sarkin Magina. Itatuwan nan da ke fitowa daga jikin hasumiyar Agadas, ban da riƙe gini, su ne matakalar masu yaɓe: maginan farko sun san za a dawo, sun bar wa na baya wurin taka ƙafa. Masu wannan sani suna tsufa, ƴaƴansu kuma sun koma bulo da siminti domin nan kasuwa take. Aikin gyara guda ɗaya na ƙwarai zai iya zama makarantar samari goma.

Babban abokin gaban otel na ƙasa shi ne ruwan cikin gida. Baƙo mai biyan kuɗi yana son makewayi da wurin wanka a ɗakinsa, bututu guda kuwa idan ya yi yoyo cikin bangon ƙasa ya isa ya kayar da shi cikin ƴan watanni. Dabara ita ce a gina wuraren wanka da madafa daban, sabon gini a bayan tsohon, a bar bututu a fili inda ido ke ganinsa. Haka na'urar sanyaya ɗaki: ruwan da take ɗigarwa kada ya taɓa bango. Bango mai kauri ma da kansa yana riƙe sanyi, abin da kwano bai taɓa yi ba. Masana gyaran kayan tarihi da suka taru a birnin Venise na Italiya a 1964 sun yarda cewa amfani da tsohon gini yana taimakon adana shi, da sharaɗin kada a sauya tsarinsa da adonsa. Ashe alhaji da mushe duk suna cikin takarda guda.

Wane ne baƙonmu?

Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin cewa ba a sayen kaya sai an san mai saye. Wa ke kwana a Gure? Fataken da ke bin hanyar Damagaram zuwa Maine-Sorowa da Diffa da Gigimi. Dillalan dabbobi da masu sayen kanwa da dabino na kwaruruka. Ma'aikatan gomnati da aka turo misiyon. Ma'aikatan ƙungiyoyin da ke aikin tsayar da tudun rairayi. Masu bincike da ke nufar gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012. Waɗannan ba su neman gadon zinariya. Ɗaki mai tsabta suke so, da ruwa, da wuta, da wurin ajiye mota cikin aminci, da abinci mai kyau, da wurin salla.

Mu yi lissafin misali, irin na bakin shago. A ce gida mai ɗaki 10, kowane ɗaki jika 15 a dare. Kada mu yi zari, mu ce ɗaki 4 kaɗai ke samun baƙo kowace rana: jika 60 ke nan a yini, miliyon 1 da jika 800 a wata. A fitar da albashin ma'aikata, da kuɗin wuta da ruwa, da fatanti. Idan aka ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ya shigo domin gini kaɗai, a shekara an tara sama da miliyon 2 na sefa, abin da zai biya magina da kayan yaɓe. Wanda kuwa ya ce shi sai otel na alfarma mai jika 100 a dare, ya zauna jiran jirgin da zai sauke masa masu kuɗin, lissafinsa mai sauƙi ne: ɗari sau babu, babu ne. A fara da baƙon gida. In Allah ya kawo zaman lafiya na ƙetare suka dawo, riba ce bisa riba.

Akwai kuma maganar suna. A kunnen mutanenmu da yawa, kalmar otel tana tafe da warin giya da zargin masha'a, shi ya sa dattijo ke jin ƙyamar a haɗa ta da gidan kakanninsa. Alhali saukar baƙi sana'a ce tamu tun fil azal. Unguwar Zango ta Damagaram don ayari aka kafa ta, kuma attajirai irin su Malam Yaro da karɓar fatake da amanarsu suka yi suna. Mai masauki shi ke ba falke ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. A gina bisa wannan gado, a kira wurin masauki, a tafiyar da shi yadda mutum zai iya kai mahaifinsa ba tare da jin kunya ba.

Sharuɗɗan da nake gani

Na farko, ba kowane gini ke shiga wannan ciniki ba. Masallaci da hubbare ba su ciki. Fadar da sarki ke zaune cikinta, kamar fadar Damagaram da aka gina zamanin Sarki Tanimun, tana da aikinta, tana da masu ita, ba ta bukatar ɗan haya. Waɗanda ake magana su ne gidajen da aikinsu ya ƙare: tsofaffin gidajen kumandan da ofisoshin zamanin Nasara, da gidajen attajiran da magada suka watse suka bar su.

Na biyu, haya za a ba da, kada a sayar. A rubuta yarjejeniya ta shekaru sanannu, a bayyana ta ga jama'a, a yi takara a fili domin kada gidan jama'a ya sulale zuwa hannun ɗan'uwan wani babba cikin dare. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu. A karkaɗe mata ƙura a yi aiki da ita.

Na uku, kafin a taɓa ko tubali ɗaya, a auna ginin, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a zauna da tsofaffin gari a rubuta abin da suka sani game da shi. Maginan gargajiya su ja aikin, injiniya ya taimaka musu.

Na huɗu, kuɗin yaɓe su shiga asusu na dabam, a riƙa duba ginin kowace shekara kafin ruwan farko. Ɗan hayar da ya tsallake yaɓe, a karɓe makulli.

Na biyar, kuma wannan domin mushe ne: zaure ɗaya ya zama na tarihi, ƙofarsa buɗe kyauta ga ƴan lakwal da duk ɗan gari. A gidajen Nasara musamman, a rubuta gaskiya a jikin bango: su wa suka ɗauko ƙasa da ruwa da itace bisa kawunansu zamanin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Jikokinsu suna nan cikin gari. Bai kamata a ce mai gadi ya kore su daga ƙofar gidan da gumin kakanninsu ya gina ba.

Tun shekarar 2006 ƙasarmu ta gabatar da unguwar Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa. Fata ba ta toshe tsaga. Ku magadan gari da ƴan majalisa, ku fara da abu mai sauƙi wanda ba ya cin ko dala: ku zagaya da ƙafa ku ƙidaya tsofaffin gine-ginen da ke garuruwanku, ku san mai kowane ɗaya da halin da yake ciki. Ku kuma alhazai, wanda ya shiga wannan harka ya shiga da sanin cewa ribarta a hankali take zuwa, amma sunan da ke cikinta ya fi na kantin bulo daɗewa.

Da zan bar Gure na koma majalisar nan na faɗa musu abin da zan rubuta. Alhaji ya ce sharuɗɗan sun yi yawa. Mushe ya ce sun yi kaɗan. Na ce to madalla, tun da kowa bai ƙoshi ba, watakila rabon ya yi daidai. Abin da na roƙe su shi ne su ƙare gardamar kafin hadarin gabas ya haɗu.

Wanda ke da wani tsohon gini a garinsu da yake jin tsoron kada ya faɗi, ya rubuto mana, za mu buga. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.